Tsofaffin bafal na gida: yadda ake farfaɗo da su, da yadda ake zaɓar musu ampili

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai wasu akwatuna biyu na katako da ke zaune a kusurwar falo ko a ɗakin ajiya, an shimfiɗa musu ƙyalle, an ɗora hoto ko agogo a kai. Lasifikoki ne, waɗanda a kasuwa aka fi sani da bafal. Da yawansu sun shigo ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ya motsa kasuwa. Ma'aikata sun saya, ɗaliban da suka dawo daga Faransa sun zo da su, alhazai sun yo tsarabarsu daga Jidda, ƴan kasuwa kuma sun ɗauko su daga Kano. Sunayen da ke jikinsu sanannu ne: Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics, Akai, Philips, Grundig, wani lokaci Cabasse na Faransa ko JBL na Amurka.

Yau idan aka jona su, sai a ji murya tana karkarwa kamar ana kaɗa gwangwani, ko kuma a ji shiru. Daga nan mai gida ya yanke cewa sun mutu. Ko ya sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kuɗin goro, ko ya kai wa mai gyara ya cire kayan ciki na asali ya sa lasifikar mota. Duka biyun asara ce, domin abin da ke lalacewa a tsohon bafal yawanci ƙaramin abu ne mai sauƙin canzawa. Abin da ke kashe shi har abada kuwa shi ne gaggawar jona shi kafin a duba, da haɗa shi da ampilin da bai dace da shi ba.

Me ke cikin akwatin?

Idan ka cire fuskar ƙyallen da ke gaba, za ka ga lasifika biyu ko uku. Babbar ita ce ke fitar da kaurin murya, irin amon ganga. Masu gyara na ce mata bumar. Ƙaramar ita ce ke fitar da siririn sauti, irin kaifin goge da algaita; ita ce tuwita. Idan akwai ta uku, matsakaiciya, ita ke ɗaukar muryar mutum.

Kowace lasifika tana da maganaɗisu a baya. A tsakiyar maganaɗisun akwai wani siririn rami mai zagaye, inda naɗin wayar tagulla, wato bobin, ke shiga yana fita. Bobin ɗin a manne yake da takarda mai siffar mazurari. Idan ampili ya turo wuta, bobin ya motsa, takarda ta tura iska, kunne ya ji sauti. Bakin takardar kuma an riƙe shi da wani zobe mai laushi da ke haɗa ta da ƙarfen lasifikar.

Can ciki akwai ɗan allo mai ɗauke da kondansater da naɗin waya. Shi ne filtir. Aikinsa rabon murya: kauri ya tafi wajen babba, siriri ya tafi wajen ƙarama. Kamfanin da ya ƙera bafal ya auna girman akwatin, lasifikokin da filtir ɗin ne tare, kowane don ɗan'uwansa. Shi ya sa sa baƙuwar lasifika a tsohon akwati ba ya maido da muryar da aka sani, ko da girman ramin ya yi daidai.

Abin da shekaru da yanayinmu ke yi musu

Ciwon da ya fi yawa shi ne ruɓewar zoben bakin takarda. Kamfanoni da dama sun yi shi da soso, kuma soson nan yakan fara marmashewa bayan shekara 15 zuwa 20. Zafin Afirilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, yana gaggauta hakan. Idan zoben ya ruɓe, bobin ba ya tsayawa a tsakiya, sai ya riƙa gogar maganaɗisu. Wanda ya ci gaba da kunna bafal a haka zai kankare bobin ɗin, gyaran da ke da sauƙi ya koma mai wuya. Lasifikokin da aka yi wa zoben ƙyalle mai ninki, kamar na Pioneer HPM-100 da aka fitar a 1976, sun fi jure shekaru.

Na biyu shi ne kondansater na filtir. Irin mai ruwan sinadari a ciki yana bushewa da tsufa, ƙimarsa ta canza. Sakamakon haka murya ta dushe, ko kuma kauri ya riƙa kutsawa cikin tuwita har ya ƙona ta.

Na uku ƙura ce da tsatsa. Ƙurar hunturu na shiga maɓallan daidaita sauti da ke jikin wasu bafal, sai tuwita ta yi shiru alhali lafiyarta ƙalau. Sai kuma baƙin da ba a gayyata ba: gara na cin katako daga ƙasa, zanzaro na gina ɗakin laka a ramin iska, ɓera na cin audugar ciki da wayoyi. Akwatin da aka yi da matsattsen garin katako kuwa, da ruwan damina ya taɓa gindinsa sai ya kumbura.

Bincike kafin a jona komai

Wannan binciken ba ya buƙatar wuta. Turnabis, batirin tocila mai volt 1.5 da na'urar awo ta masu gyara, wato miltimetir, sun isa.

Da farko duba da ido, ka taɓa zoben da ɗan yatsa a hankali. Idan ya manne a yatsa ko ya farfashe, ya gama aiki, kada a kunna.

Na biyu, buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da tsakiyar babbar lasifika, ka tura ciki sannu, da ƙarfi ɗaya ta kowane gefe. Ya kamata ta shiga ta fito babu ƙara. Idan ka ji ƙaiƙayi kamar yashi, bobin na goga.

Na uku, auna bakin wayoyin da ke bayan akwatin da miltimetir. Bafal da aka rubuta masa om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7. Mai om 4 yakan nuna wajen 3. Wannan ba matsala ba ce, haka yake. Idan na'urar ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke a wani wuri. Idan ta nuna kusan sifili, wayoyi sun haɗe, kuma irin wannan bafal zai iya ƙona ampili nan take.

Na huɗu, taɓa batirin tocila a bakin wayoyin na ɗan lokaci kaɗan. Za ka ji "ƙas", takarda ta motsa. Idan ka ɗora kan batirin a jan baki, a yawancin bafal takardar waje za ta fito. Abin lura shi ne duka akwatunan biyu su motsa gefe ɗaya. Tuwita kuwa a cire ta a auna ta da miltimetir, domin wayarta siririya ce ƙwarai.

Gyaran zobe, filtir da akwati

Sabon zoben soso ana sayar da shi bisa girman lasifika: santimita 20, 25 ko 30 su ne suka fi yawa. Amma kada a dogara da wannan kaɗai. A auna faɗin takardar da faɗin ƙarfen, a kuma lura ko bakin takardar a miƙe yake ko a karkace. Idan babu a wajen masu sayar da kayan rediyo na garinku, ana iya saƙonsa ta hannun masu zuwa Kano ko Kwatano, ko a yi odarsa ta intanet. A canza na akwatunan biyu tare, ko da ɗaya ne ya nuna lalacewa. Wanda aka yi da soso a maida masa soso. Roba ta fi nauyi da tauri, tana canza murya.

Aikin kansa haƙuri yake so. A ciro lasifikar, a yi wa wayoyin alama don kada a juya su. A kankare tsohon soso da tsohon gam daga ƙarfen, a goge da alkol. A wajen takardar a yi amfani da yatsa, kada a jiƙa ta. Sai a manna bakin ciki na sabon zoben a jikin takarda, a bari ya bushe. Bayan haka a shafa gam a ƙarfen, a kwantar da bakin waje, ana tura takardar ciki da waje ana saurare, har a tabbata bobin na tsakiya ba ya gogar komai. Wasu masu gyara kan yanke murfin tsakiya su cusa siraran takardu kewaye da bobin don su riƙe shi daidai, su cire bayan gam ya kama. A bar shi kwana ɗaya cur kafin a kunna. Gam ɗin ya zama mai laushi bayan ya bushe. Gam mai kamawa nan take yana taurare soso ya karya shi.

Ga filtir, a karanta lambar da ke jikin kowane kondansater, a sa mai mikrofarad daidai da ita. Volt ɗinsa zai iya fin na tsohon, amma kada ya gaza. Dole ya zama irin wanda ba shi da gefen ƙari da ragi. Na cikin rediyo mai gefe biyu daban bai dace da nan ba. Maɓallan daidaita sauti kuma a fesa musu maganin wanke maɓalli, a murɗa su sau da yawa. Tuwita da dama da aka yi zaton sun mutu a nan suke farfaɗowa.

Idan bobin ya ƙone, akwai masu sake naɗa shi a kasuwanninmu, kuma wasunsu gwanaye ne. Sharaɗin shi ne kaurin waya da yawan naɗi su zo daidai da na asali. A auna bayan gyara, a gwada da na ɗayan akwatin.

Akwatin ma yana da nasa haƙƙi. Wasu bafal a rufe suke ruf, iskar da ke ciki ita ce ke riƙe takarda kamar matashi. Wannan dabara Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research ne ya fito da ita a Amurka a 1954. Irin wannan akwati idan ya tsage ko aka huda shi, kaurin muryar ya tafi. A toshe duk wata kafa da gam ɗin kafinta, kada kuma a zubar da audugar ciki. Idan mai kama da zaren gilashi ce, a sa safar hannu a rufe hanci. Mai ramin iska kuwa a share ramin kawai, kada a toshe shi.

Lambobi uku na zaɓen ampili

A nan mutane suka fi ruɗewa, domin kowa wat yake tambaya. Alhali lambobi uku ne ke da muhimmanci.

Ta farko om. Ƙarancin om na nufin bafal zai ja wuta da yawa daga ampili. A bayan kowane ampili, kusa da inda ake ɗaura waya, an rubuta abin da zai iya ɗauka, misali 4 zuwa 16, ko 8 zuwa 16. Bafal na Japan galibi om 8 ne, na Jamus kuwa, kamar Grundig, sau da yawa om 4 ne. Kada a ɗora mai 4 a kan ampilin da ya ce 8. A kuma tuna cewa a yawancin ampili, idan aka kunna bafal huɗu lokaci guda, om ɗin na rabuwa biyu: biyu masu 8 a gefe ɗaya sun zama 4, biyu masu 4 sun zama 2. Wannan ne ke ƙona ampili da yawa ranar biki.

Ta biyu ita ce yawan ƙarar da bafal ke bayarwa idan aka ba shi wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Ana rubuta ta da desibel. Ƙa'idar ita ce: duk ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wat sau biyu. Saboda haka bafal mai desibel 84 na buƙatar wat 40 don ya yi ƙarar da mai desibel 90 zai yi da wat 10. Manyan bafal na Sansui masu fuskar katako mai saƙa kamar taga ba su da ci, ƙaramin ampili ya ishe su. Rufaffun akwatuna irin na Acoustic Research kuwa suna son ampili mai ƙarfi.

Ta uku ita ce wat na gaskiya. A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni su riƙa faɗin ƙarfin da ampili zai iya bayarwa ba tsayawa, gefe biyu na aiki tare. Shi ne ake rubutawa RMS, kuma shi ya sa lambobin tsofaffin ampili ke da kamar ƙanana amma abin dogaro ne. NAD 3020 da ya fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta masa a kowane gefe, amma ya yi suna a duniya saboda daɗin muryarsa. A shekarar ne kuma Pioneer ya fitar da SX-1980 mai wat 270 a kowane gefe, ƙarfin da falon gida ba ya buƙata. Dubban wat da ake rubutawa a kwalin sababbin kaya da haruffan PMPO kuwa talla ce, babu ma'auni ɗaya da aka yarda da shi a kanta. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiya: duba bayan na'urar ka ga wat nawa take ja daga wutar gida. Ba za ta iya ba da abin da ya fi wanda take ci ba.

Ga falon gida, ampili mai wat 20 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe ya ishi mafi yawan tsofaffin bafal.

Ƙaramin ampili ma yana ƙona bafal

Mutane na tsoron babban ampili, suna sakin jiki da ƙarami. Ni ma haka na ɗauka, har ranar sunan ɗana na fari. Na fito da bafal ɗin mahaifina tsakar gida, na jona su da wani ƙaramin ampili na aro, na murɗa maɓalli har ƙarshe don waƙar Shata ta kai ƙofar gida. Kafin la'asar muryar ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo. Tuwita biyun duka sun ƙone, kuma irinsu na asali ban sake samu ba sai bayan dogon nema.

Dalilin shi ne, idan aka matsa wa ampili ya wuce iyakarsa, sautin da yake fitarwa yana gurɓacewa, ƙarfi mai yawa ya kwarara zuwa tuwita, wadda wat kaɗan take iya ɗauka. Kunne na jin alamar: murya ta yi kaushi, ta fara tsagewa. Da ka ji haka ka rage. Babban ampili ma zai iya yin ɓarna idan aka wuce gona da iri, sai dai shi alamarsa ita ce babbar lasifika ta fara bugawa "ƙwas-ƙwas". Bafal na falo an yi shi don falo. Don taron biki a hayo na masu kiɗan biki.

Tsohon ampili ko sabo?

Tsohon ampili na zamanin bafal ɗin ya dace da shi, ga kyan gani. A kasuwar Katako ta Yamai da wajen masu kayan gwanjo na sauran garuruwa akan ci karo da su. Amma kafin a biya kuɗi a duba abu huɗu.

Volt: wutarmu 220 ce. Kayan da aka yi don kasuwar Japan 100 suke ci, na Amurka 120. Wasu na da maɓallin zaɓi a baya, a tabbata yana kan 220. Wanda ba shi da shi sai da taransifo mai rage wuta.

Kunnawar farko: ampilin da ya daɗe a ajiye kada a jona shi kai tsaye. Ƙwararren mai gyara kan ratsa wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da, mai zare. Idan ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai matsala a ciki.

Wutar da ke tsaye a bakin fita: a kunna ampili ba tare da bafal ba, a rage ƙara gaba ɗaya, a auna bakin wayoyin. Ƙasa da milivolt 50 ya yi kyau. Idan ya kai volt guda ko fiye, zai dafa bobin ɗin da ka sha wahalar gyarawa. Wannan gwajin na ampili mai taransisto ne. Mai fitilun gilashi ba a kunna shi sai da bafal a jone.

Fizibil: a buɗe a gani. Idan an naɗe shi da waya ko takardar sigari, wani ya ɓoye ciwo ne. Cikin ampili kuma a bar wa mai gyara, domin manyan kondansater na riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango.

Wanda bai samu tsoho mai lafiya ba, akwai sababbin ƙananan ampili da ake kira aji D. Ba sa zafi sosai, ba sa cin wuta, da yawansu na da Bluetooth, kuma suna aiki da volt 12 zuwa 24, abin da ya dace da gidan da ke da sola. Sai dai a san iyakarsu: a kan batir mai volt 12, irin waɗannan ba sa kai wat 10 mai tsabta a bafal mai om 8, duk abin da kwali ya faɗa. Da volt 24 sukan ba da kusan wat 30.

Haɗawa da kulawa

Wayar tagulla ta wutar gida mai kauri 1.5 ta isa, babu buƙatar mai tsada. A kashe ampili kafin a ɗaura, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka gefen biyu. Idan aka juya ɗaya, kaurin murya zai ragu. Kada silin waya ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa. Salula ana jona ta a ramin AUX ko TAPE. Ramin PHONO na garmaho ne kaɗai.

A ɗaga bafal daga ƙasa saboda gara da ruwan shara, a nisanta su da rana, a rufe su da ƙyalle lokacin hunturu. Ampili kuwa yana son iska: kada a ɗora komai a kan ramukansa, a sa masa regilater, a cire shi daga bango idan hadari ya taso ko wuta na rawa.

Ranar gwaji a fara da ƙaramar murya, da waƙar da kunne ya sani sarai, ta Ɗan Gurmu ko ta Sa'adu Bori. A kusanta kunne ga kowace lasifika a ji tana aiki, sannan a koma tsakiyar ɗaki. Idan muryar mawaƙin ta tsaya a tsakanin akwatunan biyu, kiɗan ya fito babu karkarwa, gyara ya yi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Kafin ka sayar da akwatunan nan ko ka bari a fasa su, cire fuskar ƙyallen ka taɓa zoben. Sau da yawa duk ciwon a nan yake.